Bakwai Aka Ce, Takwas Baba Ya Ji

Mahaifina ya yi shekara 34 yana riƙe da injin niƙa a Tudun Wadar Zariya. Duk wanda aka taɓa aika kai niƙa ya san wurin: kwanuka da robobi a jere, wannan masara, wancan dawa, can gero jiƙaƙƙe na kamu, yara na turereniya, ga rugugin inji da ba ya barinka ka ji ko muryar kanka. Baba bai taɓa riƙe littafin lissafi ba. Ya san kwanon kowane gida, ya san tiya nawa ce a ciki, ya san wadda ta biya da wadda ta ce sai maigida ya dawo. In ana ba da misalin mai riƙe abu a ka a unguwarmu, shi ake kira. Shi ya sa ranar da likita ta ce mini ya ci maki 15 cikin 30 a gwajin ƙwaƙwalwa, sai da na nemi bango na jingina.

Abin ya faro ne a shekarar korona. Mu faɗi gaskiya, bayan an sassauta dokar kulle a tsakiyar 2020, ba kowa ke sa takunkumi a cikin gari ba. A kasuwa, a wurin suna, a zaman makoki, fuskoki a buɗe suke. Banki da asibiti ne ba a shiga sai da shi, musamman bayan Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar tilasta shi a Janairun 2021. A waɗannan wurare biyu kuwa Baba ya fara tuntuɓe. Ma'aikaciyar banki ta ce masa saura dubu talatin a asusunsa, ya dawo gida ya yi lissafinsa a kan dubu tamanin, har ya yi wa mai gyaran inji alkawarin da bai iya cikawa ba. A wurin ganin likitan hawan jini aka ba shi rana, ya tafi wata ranar daban, ya kuma dage ita aka faɗa masa. Ga shi ya koma yin shiru a zaure bayan isha'i, mutumin da in ya ɗauko labarin zamanin jirgin ƙasa sai dare ya raba. Yayana ne ya fara furta abin da kowa ke gudun faɗa: gigin tsufa. Lokacin Baba na da shekara 71.

Ni na kai shi asibiti, a ƙarshen Fabrairun 2021. Ɗakin ƙarami ne, fanka na juyi a sama, janareta na ruri a bayan taga. Likitar matashiya ce mai ladabi, ta gaida Baba har da risinawa. Ta sa takunkumin nan mai kauri da ake kira N95, ta ɗora garkuwar roba a kan fuska, ta kuma ja kujerarta baya kamar taku uku, yadda aka umarce su. Har yau ban ga laifinta a kan haka ba. Annobar ta sake tasowa a lokacin, ma'aikatan lafiya na kamuwa, tsoho mai hawan jini irin Baba kuwa ya fi kowa bukatar a kare shi.

Gwajin, kamar yadda na sani daga baya, shi ne MMSE, wanda wasu likitoci a Amurka suka fitar a 1975. Gajerun tambayoyi ne, maki 30, minti goma ya isa a gama. Wanda ya kasa kai 24 akan ce a zurfafa bincike a kansa. Takardar da Turanci take, likitar na dubawa tana mayarwa Hausa. Ta roƙe ni in zauna daga baya, kada in sa baki.

Ta fara da rana da wata da shekara. Sai ta maimaita yake amsawa. Da ta tambayi wata ya ce Rajab, ta ce na Bature fa, ya ce Fabrairu. Sai ta ce, "Baba, zan faɗi abu uku. Ku maimaita, ku kuma riƙe su, zan sake tambaya an jima. Tasa. Shanu. Fitila."

Baba ya miƙo wuya, ya ƙura wa takunkumin ido. "Ƙasa. Hannu. Fitila."

Ta sake faɗa da ƙarfi, ya sake ba ta ƙasa da hannu. A karo na uku sai ya gyaɗa kai ya ce, "To, na ji," irin "na ji" ɗin da babba ke yi don kada ya wahalar da yaro.

"Yanzu lissafi. Daga ɗari a cire bakwai, a yi ta cirewa."

Nan fuskarsa ta saki, an zo gidansa. "Casa'in da biyu. Tamanin da huɗu. Saba'in da shida. Sittin da takwas. Sittin." Ko numfasawa bai yi ba. Ta rubuta sifili cikin biyar. Da ta koma kan abubuwan nan uku ya ce, "Ƙasa, hannu, fitila," ta ba shi ɗaya. Ta miƙa masa takarda ta ce ya karɓa da hannun dama, ya ninka biyu, ya ajiye a ƙasa. Ya karɓa ya riƙe, yana jiran abin da za a ce ya yi da ita. Amma agogo da biron da ta ɗaga masa, nan take ya faɗi sunansu, zanen da ta ce ya kwaikwaya ma ya yi shi tsaf.

Ta ce mini wannan ba hukunci ba ne, a yi gwajin jini, mu dawo bayan sati biyu mu ga babban likita. A cikin Keke Napep Baba bai ce komai ba sai da muka kusa gida. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake kirana. Ya ce, "Uwata, na faɗi ko?" Na ce ba jarrabawa ba ce, Baba. Ya ce, "Yarinyar kirki ce. Amma magana take yi kamar daga cikin randa."

A daren aka yi zaman gida ba tare da shi ba. Yaya ya ce a karɓi katin bankinsa, lissafin inji kuma ya koma hannun babban yaronsa. Inna na ta share hawaye da bakin zani. Yaya yana da nasa fahimtar: wai takunkumin ne ke toshe iska, ƙwaƙwalwa ta ruɗe, haka ake ta yaɗawa a WhatsApp a lokacin. Na ce masa a gabana nas ta maƙala wa Baba abin awo a yatsa yana sanye da takunkumi, iskar jininsa ta nuna 97, wanda lafiya lau ne. Ba nan matsalar take ba. Inda take ne ban gano ba tukuna.

Ni malamar lissafi ce a firamare. Na kwanta lambobin nan na yi mini yawo a ka: 92, 84, 76, 68, 60. Can cikin dare na tashi zaune. Ai takwas-takwas yake cirewa! Sau biyar a jere, babu kuskure ko ɗaya. Bakwai, takwas. Faɗe su ka saurara: cikinsu ɗaya ne, "akwa", bakin farko da na ƙarshe kawai suka raba su. Sannan ƙasa da hannu da fitila: abin da ya maimaita tun farko, shi ya dawo da shi bayan minti biyar, a jere, bai zubar da ko ɗaya ba. Ya riƙe abin da aka ba shi. Abin ne ya iso masa a gurguje. Haka talatin da tamanin na banki.

Da ya dawo daga sallar asuba, gari ya fara haske, na kai masa koko na zauna a gabansa. Na ce, "Baba, ku maimaita abin da zan faɗa." Na zaɓi kalmomin da wasulansu da karin sautinsu ɗaya ne: fara, tara, tsara. Na yi ta jujjuya su, yana kamawa duka. Sai na ja gefen hijabina na rufe baki, na sake, da murya iri ɗaya. Cikin goma, huɗu ya samu. Na sauke hijabin, ya koma kamawa.

Sai abubuwa suka yi ta dawo mini. Shekaru ke nan in an kira shi a waya yake miƙa wa jika ya ce a ji masa. In an ɗauke wuta hirarsa takan mutu, mu kuwa muna cewa barci yake ji. Matan da ke kawo niƙa da niƙabi, kullum yaronsa yake tura musu. Shekara 34 a bakin injin da ba a jin magana, Baba ya koyi karanta leɓe bai san ya koya ba. Da ido yake cike abin da kunne ya rage. Takunkumi bai kawo masa kurumta ba. Sandar da yake dogarawa ce aka zare, sai ɗingishin ya fito fili.

Akwai wani abu da ya fi wannan taɓa ni, don ya shafi tarbiyyarmu ne. An koya mana ba a kallon babba ido cikin ido. Za ki durƙusa, ki sunkuyar da kai, ki sassauta murya. Matan yayyena haka suke gaida shi, daga bakin ƙofa, kai a ƙasa, mayafi ya kusa rufe baki. Ya sha ce musu "Na'am?" sau biyu sau uku, su kuwa sai su ƙara jin kunya su ƙara yin ƙasa da murya. Wato tun kafin korona mun daɗe muna ɓoye masa bakinmu, da sunan girmamawa. Ba ina cewa a yar da kunya ba ne. Amma tsohon da kunnensa ya yi nauyi, ladabin da zai amfane shi shi ne a fuskance shi, a wurin da akwai haske.

Ranar ganin babban likita na zayyana masa komai, har da lissafin takwas. Ya duba takardar, ya yi shiru, sannan ya yi wani abu da ban taɓa gani ba. Ya cire abin sauraron bugun zuciya daga wuyansa, ya goge shi da sifirit, ya sa wa Baba a kunne, shi kuma ya riƙe faifan kusa da takunkuminsa ya yi magana a hankali: "Baba, kuna jina?" Baba ya zabura ya ce, "Sosai ma kuwa, likita!" Likitan ya ce ba zai rubuta komai a kan ƙwaƙwalwa ba sai an auna kunne. Ya ba mu takarda zuwa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Muka tafi a cikin Maris. Aka fara da leƙa kunnen da 'yar fitila, aka tarar na hagu ya cushe da dauɗa, aka wanke. Aka sa wata 'yar roba da ke hura iska don a ga yadda dodon kunne ke motsi, aka ce lafiyarsa ƙalau. Sannan aka shigar da shi wani ɗaki mai kaurin bango wanda ƙara ba ta shiga, aka ɗora masa abin sauraro a ka, aka ba shi maɓalli: duk sanda ya ji ƙara, komai ƙanƙantarta, ya danna. Ina kallonsa ta gilashi. Da farko yana dannawa a kai a kai. Can sai na ga ma'aikacin na ta murɗa na'ura, Baba kuwa na zaune yana jira, bai san ana aika masa komai ba.

Ma'aikacin ya nuna mini zanen sakamakon. Ya ce sauti kala-kala ne, akwai kakkaura irin na ganga, akwai siriri irin na usur, ana kuma auna wannan da abin da ake kira haz. Ƙarfinsa kuma da desibel ake aunawa. A ɓangaren kakkauran sauti, daga haz 250 zuwa 1,000, jin Baba bai yi nisa da na kowa ba. Daga 2,000 layin ya fara gangarowa, a 4,000 ya faɗa rami. Ya ce wannan ramin na 4,000 tambarin ƙara ne, ana ganinsa a wurin waɗanda suka daɗe kusa da inji, ga tsufa kuma ya zo ya ɗora nasa, don shi ma siraran sautuka yake fara ci. Wasula, su a da i da u, kakkaura ne, suna wucewa. Baƙaƙe irin su s da sh da f da t da ts da k sirara ne, su ne ke ɓacewa. Shi ya sa mai irin wannan lalura zai ce yana jin ana magana, ganewa ce ba ya yi. Kuma shi ya sa ɗaga murya ba ya warware matsalar, wasulan kawai kake ƙara wa ƙarfi.

Da na dawo gida na shiga karatu a kan takunkumi, sai na ga daidai inda kunnen Baba ya rame, nan shi ma yake yanka. Wani awo da aka buga a 2020 ya nuna takunkumin asibiti na yau da kullum yana rage sautukan da ke tsakanin haz 2,000 da 7,000 da desibel 3 zuwa 4, N95 kuwa kusan 12. In an rage desibel 10, kunne kan ji kamar an raba ƙarfin sauti biyu. A Jami'ar Illinois ta Amurka, a 2020 ɗin nan dai, an gwada takunkumai iri-iri, aka ga masu tagar roba da ake hango baki ta ciki sun fi na asibiti da na yadi toshe sauti, ko da yake suna mayar wa mutum da leɓen da zai karanta. Nisa ma na ci: a fili, duk ninka tazara na zubar da kimanin desibel 6. Na tuna ɗakin nan, N95 da garkuwar roba da taku uku da fanka da janareta, na ce ashe Baba ya yi ƙoƙari da ya ci 15.

Ba shi kaɗai ba ne. A 2016 wasu masu bincike a Amurka sun ɗauko matasa masu lafiyar ƙwaƙwalwa, suka yi musu wannan gwajin na MMSE ta na'urar da ke rage sauti kamar yadda mai nauyin kunne ke ji, sai makinsu ya yi ta sauka, har wasu suka faɗa sahun da ake zargin cutar mantuwa. A Jami'ar Tubingen ta Jamus kuma, a 2021, an ga masu lafiyar kunne ma sun fi manta jimlolin da aka faɗa musu ta bayan takunkumi. Dalilin ba boyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa sauraron rediyo mai shuu: ƙarfin da za ka sa wajen riƙe magana, ya ƙare wajen tsinto ta.

Lissafin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Wasu likitoci sun yi bincike a nan Zariya, aka buga a 2011: cikin tsofaffi 322 da suka duba, 9 ne ke da cutar mantuwa, ƙasa da kashi 3 cikin 100 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da nauyin kunnen da ke hana su harkokinsu. To in tsoho ya ba ka amsar da ba ita ka tambaya ba, wanne ya fi kusa? Mu a gidanmu wanda ya fi nisa muka fara kamawa, har muka karɓe masa katin banki.

Aka sake gwajin a farkon Afrilu, ana saura 'yan kwanaki azumi. Wannan karon babban likitan ya sa aka kashe fanka aka rufe tagar janareta. Bai cire takunkumi ba, amma na asibiti marar kauri ya sa, ba garkuwa. Baba na sanye da wata 'yar na'urar ƙara sauti ta aljihu mai abin sa wa a kunne, likitan na magana kusa da makirfonta, a hankali, kalma bayan kalma. Ya canza abubuwan nan uku don kada a ce na baya ya haddace, bai kuma wuce ba sai da ya tabbatar Baba ya maimaita su daidai. Umarnin da ake so mutum ya karanta, wanda a karon farko aka ba shi da boko ya kasa, wani ma'aikaci ya rubuta masa shi da ajami. Baba ya karanta, ya rufe ido kamar yadda aka rubuta. Ya ci 27.

Na so in yi guɗa a wurin, likitan ya dakatar da ni. Ya nuna mini ukun da suka zube: kwanan wata, tuntuɓe ɗaya a lissafi, da kalma ɗaya cikin ukun da ta ƙi dawowa sai da aka yi masa nuni. Ya ce ba abin tashin hankali ba ne, amma zai so ya riƙa ganinsa duk wata shida. Ya ce kada mu ɗauka tunda kunne ne shi ke nan. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 12 a 2020 waɗanda in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 40 cikin 100 na cutar mantuwa, nauyin kunne ne kuma ya ɗauki kaso mafi girma a cikinsu, kashi 8. Mutumin da ba ya ji yakan janye daga mutane, ya daina hira, ya daina zuwa majalisa. Na tuna shirun Baba a zaure, jikina ya yi sanyi.

A ranar Yaya ya kai masa katinsa har ɗaki, ya durƙusa ya ba shi haƙuri. Baba bai tsawaita ba, ya ce Allah ya yi muku albarka, ya sa a aljihu.

Bayan ƙaramar salla muka haɗa kuɗi mu 'ya'yansa aka saya masa na'urar ji ta bayan kunne, aka saita ta daidai da zanen nan na Kaduna. Makonnin farko ya sha wahala. Ƙarar cokali da kukan kaji duk sun dame shi, igiyar takunkumi kuma na sarƙe na'urar, sau biyu tana faɗuwa in ya zo cirewa. Inna ta ɗinka masa wani mai ɗauri ta ƙeya. Duk sanda za mu asibiti yanzu, kafin a fara komai nakan ce wa likita kunnensa na da nauyi, a fuskance shi, a rage ƙara, abin da ya shafi magani da ranar dawowa kuma a rubuta mana. Matan gida ma sun saba, suna shigowa har tsakar ɗaki su ɗago kai su gaishe shi.

Ma'aikacin Kaduna ya faɗa masa cewa ƙwayoyin ji na can cikin kunne in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa, kuma ƙarar da ta kai desibel 85, in ana wuni a cikinta kullum, tana ci a hankali. Baba bai ce komai ba a lokacin. Sati biyu da dawowarmu ya aiki jikansa Sabon Gari ya sayo abin toshe kunne guda uku, irin na masu aikin kamfani, ya kafa ƙusa a jikin bangon ɗakin inji ya rataye su. Yaran sun ce zafi, sun ce ba sa jin masu kawo niƙa. Ya ce su kalli bakinsu. Kullum da hantsi yakan taka zuwa wurin, ya tsaya daga bakin ƙofa ya duba ƙusar, in ya ga ko ɗaya a rataye sai ya sa a kashe inji.